Haƙƙin Wanda Ke Tsare a Ƙasar da Ba Tasa Ba

 Zamanmu na yau ya taso ne daga tambayar da wani dattijo ya aiko mana daga wajen Buza. Ɗansa ya tafi bida Libiya, aka kama shi don ba shi da takardu, ya yi watanni a tsare, har Allah Ya sa aka maido shi gida tare da wasu ƴan Nijar. Yaron ya dawo lafiya, sai dai kullum aka aje masa kwanon buɗa-baki sai ya yi shiru, ya ce yana tuna mutanen da ya baro a ɗakin, ƴan Sudan da ƴan Eritiriya, waɗanda ya tarar a can kuma ya baro a can. Ranar da aka zo ɗaukar sunayen masu komawa gida, su ba su miƙe ba, domin gidan ne suka gudo daga gare shi. Dattijon yana tambaya: shin akwai haƙƙin waɗannan mutane a kanmu, alhali ba mu san su ba, ba ma jin harshensu, kuma mu ma ba wadata gare mu ba?

Kafin amsa, sai mun rarrabe mutane uku da bakinmu ya saba haɗawa. Na farko shi ne ɗan bida, irin ƴaƴanmu na Adar da Gobir da ke fita bayan an gama aikin gona, su nufi Libiya ko Aljeriya ko Abijan, su dawo kafin ruwa ya sauka. Shi wannan yana da ƙasa da ke karɓarsa, ko da ya dawo hannu wofi. Na biyu shi ne mai neman mafaka, watau wanda ya tsallaka iyaka ya ce idan aka maida shi za a kashe shi ko a azabtar da shi, amma hukuma ba ta gama bincika maganarsa ba. Na uku shi ne ɗan gudun hijira, wanda aka bincika aka gaskata, aka ba shi takarda. Na tsakiyan nan shi ya fi shiga uku, domin ya bar ƙofar baya a rufe, ta gaba kuma ba a buɗe masa ba.

Dokokin duniya sun yi magana a kansa. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta hana a maida mutum inda ransa ko ƴancinsa ke cikin haɗari, ta kuma hana a hukunta mai gudun tsira don kawai ya shigo ba da takarda ba, matuƙar ya gabatar da kansa ga hukuma ba da jinkiri ba. Ƙasashen Afirka suka yi tasu a Adis Ababa cikin 1969, suka faɗaɗa ta har ta shafi wanda yaƙi ko rikicewar ƙasa ya kora, ko da ba shi ake nema da suna ba. Nijar ta shiga duka biyun, ta kuma yi tata doka cikin 1997, ta kafa kwamitin ƙasa mai duba buƙatun mafaka, wanda ke aiki tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wadda muka fi sani da HCR.

To, in haka ne, me ke sa mutum ya shekara biyu ko uku a kulle? Ku lura da kyau, domin a nan cutar take. Ɓarawon da alƙali ya yanke wa shekara ɗaya yana ƙirga kwanakinsa, ya san ranar fita. Wanda aka tsare don rashin takarda, sau da yawa ba a kai shi gaban alƙali ba balle a yanka masa wa'adi. Ana cewa an aje shi ne kafin a fitar da shi daga ƙasa. Ɗan Nijar ko ɗan Mali, ofishin jakadancinsa na iya ba shi takardar tafiya ya koma. Amma mutumin Darfur da aka ƙone ƙauyensu, ko saurayin Eritiriya da ya gudu daga aikin soja marar iyaka, ina za a kai shi? Ƙasarsa ba ta komuwa, ƙasar da yake ciki ba ta son sa, ƙasashe na uku da ke karɓar irinsu kuwa, abin da suke ɗauka a shekara bai kai mutum ɗaya cikin ɗari na ƴan gudun hijirar duniya ba. Sai ya zauna, wata ya kama ya mutu, wani ya kama.

Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, kuma dokarta ta 2010 ta ɗauki shiga ƙasa ba da izini ba laifi ne mai ɗauri. Cikin watan Fabrairu na 2017 ta ƙulla yarjejeniya da Italiya, tun daga nan masu tsaron gaɓar teku suka ƙara ƙaimi wajen tare kwale-kwalen da suka nufi Turai, su maido mutane, a zuba su a gidajen tsaro na Tarabulus da Zawiya da Zintan da sauransu. A daren 2 ga Yuli 2019 bom ya faɗa wa gidan tsaron Tajura, gabas da Tarabulus, mutum aƙalla 53 suka mutu a rufe, ba su da hanyar gudu. Kada kuma wani ya zaci abin na Larabawa ne kaɗai. Faransa ta yanka iyaka, kwana 90. Ingila ba ta yanka ba. Ostareliya ta riƙe masu neman mafaka shekaru a tsibiran Nauru da Manus. Alhazanmu kuwa sun san labarin Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, inda ake tara waɗanda za a koro.

Abin da ke cin mutum a irin wannan zama ya wuce yunwa da ƙaiƙayi da tarin fuka, ko da yake duk suna nan. Rashin sanin ƙarshe shi ke karya zuciya, sa'an nan jin cewa an manta da kai. Ku tuna ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. An kai shi kurkuku a ƙasar da ba tasa ba, ba da laifi ba, ba da wa'adi ba. Da ya ga ɗaya daga abokan zamansa zai fita, abin da ya roƙe shi ƙarami ne: ya ambace shi a wurin sarki. Mutumin ya fita ya mance, Yusufu ya ƙara shekaru a ciki. Wannan yaron na Buza yana matsayin wanda ya fita ne, kuma Allah Ya yi masa baiwar da bai mance ba.

Ƙasarmu tana da hannu cikin labarin nan, hannun alheri da kuma wanda ke neman gyara. Ranar 11 ga Nuwamba 2017 jirgi ya sauka Yamai ɗauke da mutum 25 da aka fiddo daga Libiya, mafi yawansu mata da yara. Su ne na farko cikin wani shiri da Nijar ta amince da shi a lokacin da ƙasashe masu arziki ke noƙewa: a fiddo mafi rauni daga gidajen tsaro, a sauke su a nan, kafin a sama musu ƙasar zama. Cikin 2019 aka buɗe musu wuri a Hamdallai, kamar kilomita 40 daga Yamai, kuma waɗanda suka bi ta wannan hanya sun kai dubbai. Wannan abin a yaba ne. A Agadas kuwa, tun ƙarshen 2017 ƴan Sudan suka riƙa gangarowa da kansu daga Libiya. Aka aje su a wani sansani kamar kilomita 15 daga gari, cikin rana da iska. Ba gidan kaso ba ne, gaskiya, ba a kulle ƙofa da kwaɗo ba. Amma wanda ba shi da takardar tafiya, ba shi da gona, ba shi da amsa, ga hamada ta kewaye shi, sai ku faɗa mini da me ya fi ɗan kaso. Cikin Mayu 2018 an kwashi fiye da 100 daga cikinsu aka maida su iyakar Libiya. A ƙarshen 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin HCR, ranar 4 ga Janairu 2020 jami'an tsaro suka tashe su, sansanin ya kama da wuta, aka kama fiye da 300. Ba mu zo yanke hukunci tsakanin kowa da kowa ba, ƙone wurin kwana ba daidai ba ne ko wa ya yi, amma mai hankali ya san abin da doguwar jira ke haifarwa. Tun da yaƙi ya sake ɓarkewa a Sudan cikin Afrilu 2023, zancen su koma gida ya ƙara nisa.

Ga kuma Asamaka, inda motocin Aljeriya ke zube mutane a kan iyaka su tako kamar kilomita 15 cikin rairayi. Masu ƙirga sun ce fiye da 30,000 aka koro ta nan cikin 2024 kaɗai, cikinsu har da ƴaƴanmu, da kuma waɗanda ba su da inda za su nufa daga nan.

Mu kuma nan gundumar Madawa ba sai mun je Agadas ba. Tun da ƴan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara, mutanen Sabon Birni da Isa da kewaye suka riƙa tsallakowa, wasu suka sauka Gidan Rumji a jahar Maraɗi tun 2019, wasu suka sauka wajen Bangi. A arewacin jahar Tawa kuma ƴan Mali sun zauna shekaru a Intikan. Su waɗannan ba a tsare suke ba, gwamnati ta karɓe su a jimlace, kuma da yawansu dangi ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Amma su ne makarantarmu. Wanda ya ga tsohuwar da ta bar rumbunta cike da gero ta gudo da zane ɗaya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan mutumin Darfur.

Yanzu sai mu koma ga shari'a. Ba da mafaka, wanda malamai ke kira amana ko jiwari, tsohon hukunci ne. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta umurci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ba mushirikin da ya nemi tsari tsari, sa'an nan ya isar da shi inda zai aminta. Ku duba, mushiriki ne, a lokacin yaƙi, kuma ba a ce a kulle shi ba, ba a ce a maida shi hannun masu neman ransa ba. Shi kansa Manzon Allah, da ya dawo daga Ɗa'ifa, cikin tsarin Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya shiga Makka, mutumin da bai musulunta ba, kuma bai manta masa wannan alheri ba har bayan mutuwarsa. Sahabbai sun nemi mafaka a Habasha wurin sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido su, Najjashi ya ce sai ya ji ta bakinsu, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi bayani, sarki ya maida kyaututtukan ya riƙe baƙinsa. Abin da dokar 1951 ke faɗa ke nan, a saurari mutum kafin a yanke, kada a sayar da shi don ɗan abin duniya. Ƴan Eritiriya da Habasha da ke kulle a Zawiya yau daga waccan ƙasa suka fito. Ni dai ina ganin akwai bashi.

Ko a tarihinmu na kusa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan kusa da Galmi, ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Babu gidan da ke da tabbacin ba zai taɓa ɗaukar tabarma a ka ba.

Game da wanda ke tsare kuwa, a cikin wannan wata aka yi Badar, ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan hijira, aka kama kamar mutum 70. Manzon Allah ya yi wasiyya a kyautata musu. Abu Azizu, ɗan'uwan Mus'abu ɗan Umairu, yana cikinsu, kuma ya ba da labarin cewa mutanen Madina da ke riƙe da shi suna ba shi gurasa su ci dabino, alhali gurasa ce mai wuyar samu a wurinsu. Waɗannan mutane ne da suka zo da takubba. Ina ga wanda ya zo da hannu biyu yana neman tsira? Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, ta jera su ukun wuri ɗaya. Hadisin Abu Musa a cikin Bukhari ya haɗa fansar kamamme da ciyar da mayunwaci da gaida marar lafiya. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa fansar kamammun musulmi wajibi ce a kan jama'a ko da za ta cinye dukiyarsu. Wanda ya ce ai wasunsu ba musulmi ba ne, sai ya tuna Ibnu Taimiyya, da ya je karɓo kamammu daga hannun Tatar aka ce za a ba shi musulmi kawai, ya ƙi, sai da aka haɗa masa da Kiristoci da Yahudawan da ke ƙarƙashin amanar musulmi.

Wani zai ce, Malam, a cikin baƙi akwai miyagu, mun ga masu kai wa ƴan bindiga rahoto. Haka ne, kuma bincike aikin hukuma ne, wanda aka kama da laifi a kai shi gaban alƙali a yanka masa hukuncinsa. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ayari, ko a riƙe mutum shekaru a kan zato.

Sai batun zakka, tunda watan fidda ta ne ga da yawanku. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas. Ɗan gudun hijira musulmi da ke zaune cikinmu ba shi da abinci, ya shiga ta ƙofar talauci, ya kuma shiga ta ƙofar matafiyin da guzuri ya yanke wa, ko da mai dukiya ne a garinsu. Zakkar kono ma tana halatta gare shi, kada a tsallake bukkarsa don ba ɗan gari ba ne. Fansar kamamme da kuɗin zakka kuwa, malaman mazhabarmu sun saɓa: Ibnul Ƙasim ya hana, Ibnu Habib ya halatta, Imamu Ahmad ma ya halatta. Mai son fita daga saɓani sai ya yi fansa da sadaka, ya ba iyalin kamammen zakka in matalauta ne, ko ya biya musu bashin da suka ci don fiddo shi. Wanda ba musulmi ba, sadakar ganin dama tana isa gare shi, da lada cikakke.

A nan dole in ja kunne. Gidajen tsaro na hukuma daban, abin da ƴan bida ke kira gidan bashi daban, irin na Sabha da Bani Walid, inda ƴan fashi ke rufe mutum su buga wa iyayensa waya yana kuka. Uwa ta ji muryar ɗanta, ta sayar da tumakinta, uba ya jinginar da garkar albasa, a aika kuɗi, wani lokaci a sake shi, wani lokaci a sayar da shi ga wasu su sake bugowa. Akwai kuma ƴan damfara da ba su riƙe kowa ba. Ba mu ce a bar ɗa ya mutu ba. Amma kada gida ɗaya ya yanke shawara shi kaɗai cikin firgici. A sanar da maigari da liman, a nemi ƴan garin da ke zaune a can su tabbatar, a nemi jin muryarsa yana amsa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, a kai maganar ga hukuma.

Abin da masallaci zai iya ya fi yadda muke zato. Kowane masallacin Juma'a a Madawa da Buza da Keita yana iya aje littafi guda, a rubuta sunan duk wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, da ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe, da garin da yake. Duk wanda ya dawo daga tsare kuma a zauna da shi tun abin bai dushe masa ba, ya faɗi sunayen waɗanda ya baro, ƴan Nijar da waɗanda ba ƴan Nijar ba, da ƙasarsu, da wurin da aka riƙe su. A miƙa wannan ga ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, wadda ke da sashen sada dangin da suka rabu, da kuma ofishin HCR. Mutumin da sunansa ya shiga takarda ya fi wuyar ɓacewa, kuma mai yiwuwa akwai wata uwa a sansanin gabashin Cadi da ta shekara uku ba ta san ko ɗanta na raye ba. Kuɗin waya na jika ɗaya da aka aika wa wanda ya samu damar riƙe salula yana iya zama abin da ya raba shi da haukacewa. Ƴan kasuwarmu da direbobinmu masu hawa Agadas da albasa, ku tambayi inda ake karɓar taimako don baƙin nan, ku sauke buhu ɗaya. Masu garake a Tarka da Magiya, in kun ɗauki baƙo aiki ku biya shi abin da kuke biyan ɗan gari, domin rage masa lada don ba shi da mai tsaya masa cin amana ne. Wanda Allah Ya ba faɗa-a-ji, ɗan majalisa ne ko basarake ko ɗan jarida, ya tambayi masu mulki cikin ladabi me ya sa takardar mutum ke shekaru ba amsa.

Wanda ya fito kuma ba a gama da shi ba. Wasu na dawowa ba su barci, ƙarar ƙofa na firgita su, wasu ba su son magana. Kada a ce ya dawo ba ko sisi, kada yara su yi masa waƙa. A kai shi likita, a ja shi cikin sahu, a yi haƙuri da shi.

Ragowar tambayar da mata suka sha aikowa ita ce ta matar da mijinta ya tafi shiru. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta yanka wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu, ana ƙirgawa daga ranar da ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci. Amma wanda aka san yana raye a tsare, hukuncinsa daban: aurensa na nan, dukiyarsa ba a raba ta gado, ana ciyar da matarsa da ƴaƴansa daga cikinta. In babu abin ciyarwa, ko zaman ya cutar da ita, tana da damar kai kukanta ga alƙali ya duba. Dangin miji da ke cinye gonarsa su bar matarsa tana surfe a gidajen mutane, su sani cewa wannan gona amana ce har ya dawo ko a tabbatar da mutuwarsa.

Dattijonmu na Buza, Allah Ya saka maka da alheri. Ka zaunar da yaron nan yau bayan tarawihi, ka samo mai rubutu, ya faɗi sunayen mutanen ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, da duk abin da ya riƙe na garuruwansu, ka kawo takardar gidan rediyo ko ka ba limaminku ya iso da ita.